Jirgin Ƙasan Da Na Ƙera

Duk wanda ya halarci bikin ba da kyaututtuka na bara ya ga wani ɗan jirgin ƙasa yana zagaye a kan tebur cikin ɗakin kimiyya. Ni na ƙera shi, har aka ba ni kyauta ta biyu saboda shi. Da yawa daga cikinku kun sha tambayata yadda na yi, ina ta yi muku kwana-kwana. To, yau zan faɗa, har da wani abin da ya faru a ran nan wanda ban taɓa gaya wa kowa ba.

Asalin abin daga malaminmu na kimiyya ne. Wata ranar Asabar da dare ya nuna mana wani majigi a kwamfutarsa, na wani gida da ke birnin Hambug a ƙasar Jamus, ana ce masa Miniatur Wunderland. A shekarar 2001 aka buɗe shi. A ciki akwai ƙananan jiragen ƙasa suna kai da kawowa tsakanin garuruwa da duwatsu da gadoji, duka na wasa, kuma kowane minti 15 dare yakan yi a ciki, gari ya sake wayewa. Malam ya ce a Turai da Amurka da Japan wannan sha'awa ce ta manya, za ka ga dattijo da furfurarsa ya keɓe ɗaki guda don ita. Abin ya ba mu dariya, domin mu a nan motar kara da ta gwangwani aikin yara ne, da ka fara tasawa sai a ce ka girma da wannan shirme.

Abin da ya kama hankalina shi ne ba da ka suke yi ba. Kome da ma'auninsa. Mafi yawansu suna bin ma'aunin 1 cikin 87, wato duk abin da ya kai santimita 87 a jikin jirgin gaske sai ya koma santimita 1 a jikin na wasa, daga ƙafa har ƙusa. Ran nan ban yi barci da wuri ba, kuma ba Jamus nake tunani ba, kakana nake tunani.

Kakana tsohon ma'aikacin reluwe ne a Zariya. Ya fara yana saurayi da share kan jirgi, ya zama fayaman mai zuba kwal a wuta, daga baya ya zama direba. Ya bi hanyar Kano da Nguru, ya bi ta Gusau har Ƙauran Namoda, inda dogo ya ƙare tun 1929. Kwal ɗin da ya yi ta ɗiba da shebur daga Inugu ake kawo shi. Yanzu ya haura shekara 80, yana ta rufe masa ido, haske da duhu kawai yake bambantawa. Amma in ka taɓo masa zancen jirgi, to, ka nemi wurin zama.

Da muka sami dogon hutu na same shi a zaure na gaya masa niyyata. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai ɗan nema, wanda ko tayar keke ba ka iya liƙewa ba, kai ne za ka ƙera jirgi?"

Na ce, "Tsoho, in na gama da shi zan ɗauke matata in bar maka gidan." Kakata nake nufi.

Ya ce, "To, wane iri za ka yi?"

Nan na yi sororo, don ni a wurina jirgi jirgi ne. Shi ya zaɓa mini irin wanda ya fi daɗewa a kai, cikin waɗanda aka ƙera a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka raɗa musu sunayen koguna. Ƙananan ƙafafu 2 a gaba, manya 8 a tsakiya, 2 a baya, sa'an nan taragon kwal da ruwa yana biye. Da sandarsa ya zana mini shi a ƙasa, yana zane yana lalube.

Gwangwani ba ya yarda a yi masa aiki ƙanana ƙwarai, saboda haka na ɗauki ma'aunin 1 cikin 24. Faɗin tsohon dogon ƙasarmu ƙafa 3 ne da inci 6, wato milimita 1,067. Ya fi sabon dogon Abuja zuwa Kaduna ƙunci, wanda aka buɗe a 2016, shi milimita 1,435 ne. Na raba 1,067 gida 24, ya ba ni 44 da rabi, na cika shi 45. Tun da nake a makarantar nan ban taɓa yin lissafi da son raina ba sai ran nan.

Tukunyar jirgin gwangwanin madarar gari ne guda biyu na haɗa baki da baki. Wani mai yin mazurari da rariya a kasuwar Sabon Gari ya koya mini liƙi da dalma, ladansa in riƙa hura masa wuta. Injin da ke juya ƙafafun daga wata matacciyar rediyo mai kaset na ciro shi. Ƙafafun su suka ba ni wuya. Sai an yi wa kowace ɗan leɓe ta ciki kafin ta kama dogo, kuma in ɗaya ta fi 'yar'uwarta ko da kaurin farce, jirgin ya sauka ke nan a kwana. Na yi 20 kafin in sami 8 masu kyau. Har yanzu akwai tabon langa-langa a babban yatsana.

Sai fenti. Da farko na sayi baƙin fenti mai mai na shafa da buroshi, ya bushe yana ƙyalli. Na kai wa Kaka ina taƙama. Ya shafa shi daga gaba zuwa baya, ya shinshina, ya miƙo mini. Ya ce, "Wannan ai bai taɓa zuwa Ƙaura ba. Amarya ce."

A wayar yayana na ga yadda masu wannan sha'awa ke yi. Suna da wani ɗan abin feshi kamar alƙalami, da ɗan kofin fenti a bisa, da siririyar allura a ciki. Iska ce ke fitowa daga kwamfuresa, irin ta masu fentin mota amma ƙarama. In ka danna maɓallin iska ta fito, in ka ja shi baya allurar ta buɗe hanya, fenti ya fita kamar hazo. Abin mamaki, bayan sun gama fenti mai kyau sai su koma su ɓata shi da gangan, su fesa masa tsatsa da ƙura da baƙin hayaƙi, don ya yi kama da wanda ya sha aiki. Ashe abin da Kaka ke nufi ke nan, ba tare da ya taɓa ganin majigin kowa ba.

Kuɗin wannan alƙalami ba na ɗan makaranta ba ne. Sai na tuna da wani gwaji da muka yi a aji huɗu. Na sami bututun biro guda biyu, na tsoma ɗaya a kwalbar fentin da na tsinka da tina, na ɗora bakin ɗayan daidai kan bakinsa, na hura. Iskar da ke wucewa da gudu ta bisa ita ke jawo fentin sama ta watsa shi. Ya yi aiki, amma ina gargaɗin duk mai son gwadawa ya fita fili. Ni a ɗaki na fara, warin ya sa ni jiri, na fito da leɓe baƙi ƙirin, kakata ta yi ta salati.

Kaka ne ya gaya mini inda kowane datti ke zama. Baƙin hayaƙi a bisa, daga bututun hayaƙi zuwa baya, don iska can take kora shi. Farin zane-zane a inda ruwa ke tsiyaya ya bushe. Jar ƙura a ƙasa wajen ƙafafu. Na kankaro kunkunniya daga gindin tukunya, na daka alli da jar ƙasa, na bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya sake shafawa ya ji kaushi, bai ce ya yi kyau ba, ya dai ce, "To, yanzu ya fara cin abincinsa."

Saura murya. Su can wata 'yar na'ura suke sakawa cikin jirgin tare da sifika, ba ta fi ɗan yatsa ba. Tana ɗauke da kukan jirgin gaske da aka naɗa, tana kuma lura da gudun injin, in ya yi sauri numfashin ya yi sauri, in ya tsaya sai huci. Ni abin da na samu shi ne cikin wata ƙaramar rediyo mai cin memori, na ɓoye shi a taragon kwal. Kukan da zan sa ne ba ni da shi.

Kaka ya ce, "Kawo wayar nan, ni zan yi maka."

Kafin ya fara ya koya mini abin da ban gani a littafinmu ba. Irin jirginsa silinda biyu gare shi, ɗaya a kowane gefe. Tururi yana tura fistin gaba, ya sake turo shi baya, kowace tura kuma sai ya fita ta bututun hayaƙi da ƙara. Biyu sau biyu, huɗu ke nan. Duk juyin ƙafa ɗaya numfashi huɗu ne, ba ƙari ba ragi. Ya ce direban kirki da kunne yake sanin lafiyar jirginsa, in numfashi ɗaya ya yi rauni cikin huɗun an ce yana ɗingishi, sai a kai shi shedi.

Na kunna injin, ya ɗora yatsa a kan sandar da ke haɗa ƙafafun don ya ji juyinsu, ya fara: caf-caf-caf-caf, caf-caf-caf-caf, na farkon ya fi ƙarfi. Daga nan ya dunƙule hannu biyu ya busa usur, dogo ɗaya, gajeru biyu, na ƙarshen ya karya shi kamar mai tambaya. Ya ce haka yake yi in ya doso Zariya da dare, don kakata ta san shi ne ta ɗora ruwa. Sau 6 muka ɗauka, saboda tari na katse shi.

Da aka koma makaranta, ana saura kwana uku biki, na gwada jirgin a ɗakin kwananmu bayan firef. Aka taru ana ta mamaki, har na kunna muryar. Aka yi tsit, can sai wani ya ce, "Wane tsoho ne mai fuka ya shiga ciki?" Ɗaki ya kece da dariya. Wanda ya faɗa ya san kansa, kuma ban riƙe shi ba, domin ni ma dariyar na yi. Ban ce kakana ne ba. Na ce wani abu ne na sa kafin in sami na gaske.

Kashegari na roƙi Malam ya sauko mini da kukan jirgi daga intanet. Ya samo na wani shahararren jirgin Ingila, Flying Scotsman, wanda aka ƙera a 1923. Kai, kukan nan da daɗi yake! Na sa shi a sabon memori, na jefa na Kaka a aljihu. Na ce a raina ai Baba kaɗai zai zo.

Ran biki ina tsaye bayan tebur sai na hango Baba a bakin ƙofa, yana riƙe da hannun Kaka. Ya sha babbar rigarsa ta Salla. Tafiyar awa uku ya yi a mota, mutumin da ko masallacin Juma'a sai an lallaɓa shi. Ba zan yi ƙarya ba, ina da lokacin da zan sauya. Hannuna yana cikin aljihu, ina jin memorin a tsakanin yatsuna. Amma ga alƙalai sun iso tebur na kusa da nawa, ga 'yan ɗakinmu sun yi cirko-cirko. Na fid da hannuna wayam, na kunna.

Jirgi ya tashi, mutane suka yi tafi. Kaka ya karkata kai, yana buga yatsa a kan sandarsa. Ya daɗe a haka. Sa'an nan ya matso, ya lalubi dogon, ya bar jirgin ya wuce ta ƙarƙashin tafinsa.

Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Abokina, jikin dai namu ne. Numfashin na baƙo ne. Uku-uku yake yi."

Ban iya cewa kome ba. Da babban baƙo ya tambaye shi ko shi ne kakan yaron, ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Yaron ya yi ƙoƙari." Bai ƙara ba. Da za su tafi ya ba ni ƙullin ƙuli-ƙuli daga kakata, ya ce in riƙa karatu. Na fi so a ce zagina ya yi. Daga baya na tambayi Malam, muka duba, ashe Flying Scotsman silinda uku gare shi, numfashi shida yake yi a juyi ɗaya. Cikin hayaniyar mutum fiye da ɗari tsohon nan ya ƙirga shi.

Kyautar da aka ba ni ƙamus ne da akwatin kayan lissafi. Jirgin kuwa na sa shi a kwali ƙarƙashin gado, ban sake taɓa shi ba har aka yi hutu.

Ran da na isa gida, bayan la'asar, na shimfiɗa dogon a zaure ban ce wa kowa kome ba. Kaka yana kishingiɗe a kan buzunsa. Na mai da memorinsa, na kunna. Caf-caf-caf-caf. Bai motsa ba. Da usur ya tashi, dogo ɗaya gajeru biyu, sai ga kakata ta leƙo daga cikin gida da ludayi a hannu, ta tsaya tana dubanmu. Ta ce, "Ku dai ba ku da aikin yi," ta koma, amma ta bar ƙofar a buɗe.

Kaka ya tashi zaune, ya miƙo hannu na ɗora masa yatsa a kan sandar ƙafafun. Ya saurara zagaye biyu. Ya ce, "Sabon batir ka sa ko? Ƙafa ta riga numfashi. Gobe da safe kafin tari ya taso mini ka kawo wayar mu sake. Kuma jirgi ba ya tafiya haka tsirara, sai ka yi masa taragon gyaɗa da na shanu."

Na gama na gyaɗa a hutun nan. Na shanun yana bukatar gwangwanin man gyaɗa mai kusurwa huɗu guda biyu. In akwai wanda ke da su a gida cikin iyayenmu da ke karanta wannan, ina aji biyar, a aiko mini ta hannun malamin kimiyya.