Safiyar Mai Haƙar Tassa

A ƙasar Adar, tun daga Babankatami har Buza da Kaita, mai haƙar tassa ba ya jiran hantsi. Ana sallame asuba zai saɓa diga ya nufi faƙo, don ya san a watan Afrilu rana ba ta kai tsaka sai ƙarfen digar ya gagari taɓawa. Inda ƙasa ta fi tauri nan yake farawa, tun jiki na da sanyi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda yake yanka aikin. Ba ya tsayawa kallon faƙon gaba ɗaya, don gwiwa sai ta yi sanyi. Iyaka yake sa wa kansa: yau daga wannan dutse zuwa waccan aduwa. Ya haƙa ɗan rami, wato tassa, ya tara ƙasar ta gefen gangare yadda za ta tare ruwa, ya matsa gaba. Zuba taki sai wata rana. In ya miƙe ya share gumi ya waiwaya, ga ramuka jere a bayansa, yana iya ƙirga su da yatsa. Wannan waiwayen yana ƙara wa mutum kuzari fiye da kofin shayi.

Haka aka ci ƙarfin tuddan Kaita. Projen da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, ƙarƙashin kulawar FAO, mata ne suka ɗauki mafi yawansa, maza sun tafi cin rani. Dutse ɗaya-ɗaya suke ɗaukowa a ka suna jerawa, ana biyansu da abinci, kuma layin da suka jera jiya shi ke tarbarsu da safe. Magabata ma da suka raba gandu da gayauna sun san halin zuciya: mutum ya fi jure aikin gida in ya san akwai lokacin da guminsa nasa ne.

To, leƙa wani biro a Madawa. Ma'aikaci ya iso da kansa garau, sai ya buɗe salula. Saƙon murya daga ɗan'uwa a Abijan, hoton biki, gardamar siyasa a WhatsApp. Rahoton da ke bukatar natsuwa kuwa ya tura shi bayan azahar, lokacin da shinkafa ta zauna a ciki, fanka na kaɗo iska mai zafi. Da yamma ya kama zargin kansa da lalaci, alhali safiyarsa ya sayar da araha. Gaisuwa kam ba a yar da ita, amma manomi ma ana ce masa sannu da aiki, ya amsa da yawwa, digar ba ta tsaya ba.

Kai mai aikin takarda, gobe ka bar salular a aljihu har hantsi. Ɗauko fayil ɗin da ka fi jin nauyinsa, ka yanka wa kanka shafi biyu kafin a sauke shayin farko.