Allon da Iska Ba Ta Kayarwa a Mishigan

Mu da muka tashi a Kusugu mun san alamar hanya irin tamu. Mota ta lalace tsakanin Daura da Kazaure, yaron mota ya karyo reshen darbejiya ya shimfiɗa a kan kwalta, ya tara duwatsu, shi ke nan. Shi ya sa da na je jihar Mishigan ta Amurka, allunan masu gyaran titi suka fi ɗauke mini hankali a kan dogayen benayen Ditroyit.

Allo ne marar nauyi, mutum ɗaya kan ɗauka ya girke. Tirela ta wuce a guje, iska ta kaɗa shi ya sunkuya kamar zai kwanta, sai ya miƙe tsaye. Na tsuguna na leƙa gindinsa: sifirin biyu ne kawai. Biyun nan su ke hana shi murɗewa.

Ashe wannan ɗan ƙarfe har Kotun Ƙolin Amurka ya je. Robert Sarkisian ne ya ƙago dabarar, ya sami takardun mallakarta a 1972, kamfanin Marketing Displays na Mishigan ya riƙa sayar da allon da sunan WindMaster. Da wa'adin takardun ya cika, kamfanin TrafFix ya kwaikwaya, ya sa wa nasa WindBuster. Masu abin suka kai ƙara, suka ce jama'a da siffar nan suka san kayansu. A watan Maris na 2001 alƙalan tara suka haɗu a kan magana ɗaya: sifirin aiki yake yi, ba ado ba ne, don haka ba za a fake da siffa a ci gaba da riƙe shi ba.

Wallahi hukuncin ya burge ni. An bar mai basira ya ci guminsa shekaru, sannan abin ya zama na kowa. Ba a cuci kowa ba.

Mu ma dokarmu ta 1970 tana ba mai ƙirƙira shekara 20. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, ga masu walda a kowane lungu. Dabarar sifirin biyu ba ta da mai ita yanzu. Ɗalibai da maƙera, ku ƙera mana ita, direbobinmu su huta da karyar rassa.