Ido Kafin Bindiga: Jakar Ɗan Wasan Harbin Fenti

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ban taɓa ganin inda wannan magana ta zauna daram ba kamar a wani wasa da na saba da shi a shekarun da na yi a arewa maso gabashin Amurka, wato wasan harbin fenti, wanda masu shi suke kira fentibol. Raba mutane ake yi gida biyu, a sake su a cikin daji ko a wani fili da aka kakkafa wa maɓoya, kowa riƙe da bindiga mai aiki da iska wadda take harba 'yan ƙwallaye cike da fenti. Duk wanda ƙwallo ya fashe a jikinsa, to a dokar wasa ya mutu, sai ya ɗaga hannu ya fita ya jira zagaye na gaba. Abin da nake so in tattauna da 'yan uwana marubuta a wannan fitowa shi ne kayan da ake zubawa a jaka tun daren jajibirin wasa, da dalilin da ya sa nake jera nawa yadda nake jera su. Duk sabon shiga idan ka tambaye shi abin da zai fara nema, bindiga zai ce maka. Ni kuwa a jakata ita ce ta ƙarshe.

Kafin mu zuge jakar, yana da kyau mai karatu ya san cewa da hannun marubuci a haihuwar wannan wasa. Wani marubucin Amurka mai suna Charles Gaines ya daɗe yana gardama da abokinsa Hayes Noel, dillalin hannun jari a birnin New York, a kan ko ɗan birni da ya goge a kokawar kasuwa zai iya tsira a daji kamar wanda ya tashi a cikinsa. Sai suka ci karo da wata 'yar bindiga mai suna Nel-Spot 007 ta kamfanin fenti na Nelson, wadda ma'aikatan gandun daji suke yi wa bishiyoyi alama da ita daga nesa, makiyaya kuma suna yi wa shanu. Abokinsu Bob Gurnsey ya tsara dokoki. A watan Yuni na 1981 mutum 12 suka shiga wani daji a Henniker ta jihar New Hampshire, kowa ta kansa yake yi, burin kowa ya riga saura tattara tutoci. Wanda ya ci wasan shi ne Ritchie White, ma'aikacin gandun daji, kuma har aka tashi bai yi harbi ko ɗaya ba. Tun ranar farko ke nan aka nuna wa duniya matsayin bindiga a wannan wasa.

To abu na farko da nake ɗorawa a kan gado idan zan haɗa kaya shi ne takunkumin fuska mai gilashi. Ƙwallon fenti bai wuce girman ɗan magarya ba, faɗinsa kimanin milimita 17, nauyinsa kamar giram 3. Amma doka ta yarda ya fita daga bakin bindiga da gudun da ya kai ƙafa 300 a daƙiƙa ɗaya, wato wajen mita 91, wanda ya haura kilomita 300 a awa. Idan ya sami cinya ko baya, iyakarsa zafi da shatar jini da za ta baje cikin 'yan kwanaki. Ido kuwa labarinsa daban ne. Ƙwallon ƙafa idan ya bugi fuska, ƙashin gira da na kunci su ne suke tare shi. Wannan ɗan ƙwallo ya fi ramin ido ƙanƙanta, saboda haka tsakanin ƙasusuwan yake shigewa ya sauke duk ƙarfinsa a kan ƙwayar. Jini yana iya taruwa a cikin ido, ko tantanin bayan ido ya ɓalle, ko ƙwayar ta fashe gaba ɗaya.

Shi ya sa tabarau na rana ko na masu aikin katako ba su da gurbi a filin nan. Takunkumin da ake bukata shi ne wanda aka ƙera musamman domin wasan, mai rufe ido da hanci da baki da kunne, wanda ya cika ƙa'idar da a Amurka ake kira ASTM F1776. Kuma in da hali a sayi mai gilashi ruɓi biyu, domin iskar da ke tsakanin gilasan tana hana numfashi da gumi yi masa hazo. Kowane dare kafin wasa nakan ɗaga nawa saitin fitila in duba ko da tsaga komai ƙanƙantarta. Idan na gani, gilashin nan ya gama aiki.

Maganar hazo ba ƙaramar magana ba ce, da idona na ga abin da take jawowa. Wata Asabar da sanyi ya fara shigowa, wani yaro da bai wuce shekara 16 ba ya zo da mahaifinsa, suka karɓi kayan haya. Ana tsakar wasa gilashinsa ya yi hazo, ba ya ganin ko tafin hannunsa. Sai ya tsuguna a bayan wani kututture, ya ɗage takunkumin domin ya goge da gefen riga. Wanda ya yi harbin ma ba shi ya auna ba, wani can gefe yake nema. Ihun yaron muka ji, alƙalin wasa ya busa usur, kowa ya ajiye bindiga a ƙasa. Bayan wasu makonni mahaifin ya dawo filin shi kaɗai, ya shaida mana cewa likitoci sun ceto ƙwayar, amma idon dishi-dishi yake gani. Duka-duka ɗagawar ba ta kai daƙiƙa biyar ba. Ƙa'ida ita ce, idan gilashi ya yi hazo ka ɗaga hannu ka kira alƙalin wasa ya riƙe ka ya fitar da kai, ko da kuwa saura taku ɗaya ka ɗauki tuta.

Abu na biyu ɗan ƙarami ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wata 'yar hula ce ta yadi mai kauri, mai igiyar roba, da ake sa wa bakin bindiga da zarar an fito daga fili. Takunkumi idonka yake karewa, ita kuwa wannan hula idon ɗan uwanka take karewa. A rumfar hutu, inda kowa ya tuɓe takunkumi ana shan ruwa ana raha, nan ne hatsari ya fi kusa. Mutum yana iya cire mazubin ƙwallaye alhali ɗaya ya maƙale a cikin bututu, yana iya kwance tukunyar iska alhali da sauran iskar harbi ɗaya a ciki. Ni guda biyu nake zuwa da su, domin ba a rasa wanda tasa za ta faɗi a cikin ciyawa.

Daga nan sai sutura. Mahayan dā da suke sa wa kansu da dawakinsu lifidi sun san sirrin abin: laushi ke kashe ƙarfin bugu. Riga biyu masu yalwa da dogon hannu sun fi guda ɗaya mai kauri da ta ɗame jiki. Har ma wani lokaci ƙwallo yakan daki yalwatacciyar riga ya faɗi bai fashe ba, kuma a yawancin filaye wanda bai fashe ba ba a lissafa shi. Wurare uku ne suka fi jin jiki, wato wuya da yatsu da gaba. Wuya a naɗe shi da ɗan rawani ko kariyar soso, hannu a sa masa safa, namiji kuma ya nemi irin kariyar da 'yan dambe na zamani suke sawa, kada kunya ta hana shi. Takalmi ya zama mai kama idon sawu, mai tsagin ƙasa, domin gudu a kan saiwoyi da ramuka gurɗewa yake jawowa. A dazuzzukan wannan yanki na Amurka kuma akwai wata 'yar kaska mai ɗauke da cutar Lyme, wadda ta samo sunanta daga wani gari a jihar Connecticut. Saboda ita ake cusa ƙafar wando a cikin safa, a fesa maganin ƙwari, sannan idan an koma gida a duba jiki lungu-lungu.

Sai kuma abin da zai riƙe ciki, tunda sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gudu a cikin riga biyu da rufaffiyar fuska yana tatse ruwan jiki ko da garin da sanyi, kuma zafin wasa yana mantar da mutum ƙishirwa har sai kansa ya fara sarawa. Ba na fita da abin da ya gaza lita 3. Ina haɗawa da dabino da gyaɗa da burodi, domin abincin da ake sayarwa a irin waɗannan wurare ba kowanne ne Musulmi zai ci hankalinsa kwance ba. A gefe kuma ga filasta da bandeji da man zafi.

Wuni guda a fili yana cinye azahar da la'asar, saboda haka buta da darduma da tsabtatattun kaya suna da aljihunsu daban a jakata, a cikin leda. Fentin farko na 1981 mai maiƙo ne, da ƙyar yake fita. Na yanzu ruwa yana wanke shi. Amma ɓawon ƙwallon da jelatin ake yi, irin na kafson magani, shi kuwa jelatin daga fatu da ƙasusuwan dabbobi ake samunsa, shanu ko aladu, kuma ba lalle ba ne kwalin ya gaya maka wanne ne. Maimakon in tsaya ina waswasi, sai in wanke fuska da hannu, in sauya kaya, in yi sallata. Kayan nan kuma su ne zan koma gida da su, jiƙaƙƙun su shiga ledar, kujerar mota ta tsira.

Su kansu ƙwallayen lallaɓa su ake yi kamar ƙwai. Kwali ɗaya yana ɗauke da 2000, a cikin leda huɗu masu 500 kowacce, mazubin da ke saman bindiga kuma yakan ci wajen 200. Zafi yana sa su yin laushi su manne wa juna, laima tana kumbura su, tsananin sanyi kuma yana sa su fashewa tun a cikin bututu. Kada a bar su a mota a rana, kada a bar bakin ledar a buɗe, kada kuma a tsinci wanda ya faɗi ƙasa a mayar, domin ƙasar da ya kwasa ita za ta ɓata harbi. Idan ɗaya ya fashe a bututu, duk na bayansa karkacewa za su yi, sai an zura tsinken gogewa an share. Filaye da yawa ba sa yarda a shigo da fenti daga waje, nasu za a saya, don haka a buga waya a tambaya tun kafin a yi asarar kuɗi.

Yanzu mun iso ga bindiga. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya yi haya, kuɗin da zai zuba a kanta ya sayi takunkumi mai kyau da su. Mai tasa kuwa ya duba tukunyar iskarsa, domin irin waɗannan tukwane suna da ranar gwaji a rubuce a jikinsu, wadda ranarta ta wuce ba za a cika masa ba. Ya riƙe zobban roba na sauyi, da 'yan makullan kwancewa, da batir idan mazubinsa mai lantarki ne. Kafin a fara wasa za a sa shi ya yi harbi a gaban na'urar auna gudu, in ta wuce ƙa'ida a rage. A hanya kuma bindiga tana cikin jaka a zuge, tukunya a kwance, a bayan mota. Ɗan sandan da ya hango ta daga nesa ba shi da lokacin tantance ta wasa ce ko ta gaske.

Saura abu ɗaya, tsumma. Guda biyu nake zuwa da su, mai laushi domin gilashi, tawul kuma domin jiki bayan an tashi. Amma da na shiga fili ba na barin ko ɗaya a aljihuna. Wannan wasa a kan amana yake tafiya, domin alƙali ba ya iya ganin bayan kowace bishiya. Mutum yakan ji ƙwallo ya fashe a gwiwar hannunsa, ya waiga ya ga babu mai kallonsa, a nan ne zuciya take raɗa masa cewa ya goge ya ci gaba. Babu abin kunya a wurin 'yan wasa kamar wannan. Na ga manyan mutane masu furfura sun yi, na kuma ga yarinya ƙarama ta miƙe ta ɗaga hannu a kan ɗigon da ita kaɗai ta san da shi. Marubucin da yake son sanin halin ɗan Adam, wuni ɗaya a wannan fili zai cika masa littafin aljihu.

A yau wasan ya bar dajin Henniker ya zaga duniya, har a Abuja da Legas akwai filayensa, kuma na san wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla ko 'ya'yansu za a gayyace su wata rana. Idan ranar ta zo, a haɗa kaya tun da dare, a fara da abin kare ido, a bi da abin kare idon abokin wasa, sannan sutura da ruwa da kayan salla. In an manta bindiga za a samu ta haya a bakin ƙofa. Iyaye kuma kada su sa hannu a takardar izini sai sun ɗaga takunkumin ɗansu sun duba da kansu, sun kuma ji daga bakinsa cewa ba zai ɗage shi a cikin fili ba ko me ya faru. Allah ya tsare mana ganinmu, ya sa a yi wasa lafiya a tashi lafiya, amin.