Suna ɗaya, cuta biyu

A Diffa duka ciwon suga muke cewa, alhali iri biyu ne. Na Yayana shi ne wanda garkuwar jiki ke kashe ƙwayoyin da ke yin insulin, don haka allura ce abincinsa na biyu. Ni da nake karatun harshe, sunan nan guda yana ba ni haushi, domin yana ɓoye abu da yawa.

Da yana noman tattasai a bakin Komadugu, siriri ne kamar kara. Bayan hare-haren 2015 ya bar gona, ya zauna shago. Tumbi ya fito, ƴan uwa na ta cewa “ka huta, Alhaji!” Amma allurar da ke isarsa da ta daina isa. Likita ta ce jikin ne ya fara ƙin jin insulin, irin halin masu ɗaya ciwon, kuma wannan ƙin jin ne ke tafe da hawan jini da toshewar jijiyoyin zuciya. Ba sugan kaɗai ta auna ba, har da ƙugunsa.

Yanzu da asuba yakan taka da ƙafa har bakin gulbi. Inna dai har gobe cewa take ramewa yake yi, tana ƙara masa tuwo.