Rabon Wanda Ba Ya Nan

A shekara ta biyu da zuwana birnin Guangzhou domin binciken digiri na uku, na riga na saba da cin abinci ni kaɗai. Idan na fito daga ɗakin karatu sai in hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwarmu ke sauka, in ci shinkafa da miya a tsakanin masu lissafin kwantena, in koma ɗaki. Duk gayyatar da abokan karatuna Sinawa suka yi mini nakan kauce mata da uzuri. Tsoron alade ne ya hana ni, domin a girkin lardin Guangdong yakan shiga inda ido ba ya gani. Ina kuma jin kunyar a ajiye mini abinci in janye hannu a gaban mai gida.

Kwana biyu kafin bikin tsakiyar kaka, wanda a 2024 ya faɗo ranar 17 ga Satumba, wani abokin karatuna ya ce mahaifiyarsa ce da kanta ta ce a zo da ni shan shayi. Kiran babba ba a ƙinsa, sai na bi shi gabana yana faɗuwa.

Ba mu tsaya ko'ina ba sai kusa da masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan ƙasar Sin, inda nake sallar Juma'a. Dattijuwar tana jiranmu a wani gidan abinci na Musulmin Hui, a ƙofarsa an rubuta kalmar qingzhen, wato halal. Daga baya na ji cewa ta bar inda ta saba zuwa shekara da shekaru, ta yi ta tambaya har ta gano wannan wuri saboda ni.

Mutanen Guangdong suna kiran wannan zama yum cha, ma'ana shan shayi, ƙananan abincin da ke rakiyarsa kuwa su ne dim sum. Da farko ta ɗauraye kofuna da sandunan cin abinci da ruwan shayi mai zafi. Sai aka fara jero 'yan kwandunan gora masu tururi, kowanne da guda uku ko huɗu: har gow, jatan lande a cikin ɓawo mai sheƙi har ana hango jansa, siu mai da aka cusa wa naman shanu, faifan garin shinkafa mai santsi da aka naɗe, da ƙafafun kaji da suka dahu luguf. Babu mai kwandon kansa. Kowa yakan zuba wa na kusa da shi shayi kafin ya zuba wa kansa, wanda aka zuba wa kuma ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyarsa ke nan. Idan buta ta ƙare, a ɗaga murfinta a bar shi a karkace, ma'aikaci ya gani ya ƙaro ruwa. Sau uku har gow yana sulluɓe mini. Ta yi dariya, ta ɗauka ta sa mini a kwano, kamar yadda mahaifiyata ke tura mini tsoka idan muna ci tare.

Da rana muka gangara titin Dishifu sayen wainar wata. A Lianxiang Lou, gidan da aka kafa tun 1889 wanda ya yi suna da wainar 'ya'yan bado, layi ya kai bakin titi. Wainar ba ta wuce tafin hannu ba, amma tana da nauyi. An buga mata zane da rubutu a sama, a cikinta akwai niƙaƙƙen 'ya'yan bado mai zaƙi, a tsakiya kuma gwaiduwar ƙwan agwagwa mai gishiri, wadda ke wakiltar wata a daren cikarsa. Ta sayi gwangwani huɗu na dangi, ta hana ni saye. Ta ce wasu nau'o'in waina akan sa musu kitsen alade ko namansa, saboda haka ta riga ta karɓo mini tawa a gidan Musulmin nan. Ta zaro ta daga jaka ta miƙo mini da hannu biyu.

Sai ta sa ɗanta ya tambaye ni mu nawa ne a gida. Na ce, "Inna, ai ni kaɗai ne a nan." Ta girgiza kai, ta ce ba na nan take tambaya ba. Na lissafa mata: mahaifiyata, matata, 'ya'yana biyu, sai ni. Ta ce, "To, ka yanka ta biyar. Wanda ya yi tafiya ba a cire shi daga lissafi, ajiye masa nasa ake yi." Ban iya amsa mata ba, domin a gidanmu ni ne wanda ya yi tafiyar. Ɗana ƙarami ya fara magana ba na nan.

Daren bikin, ranar 15 ga watan 8 a kalandar Sinawa, na hau saman ɗakin kwanan ɗalibai. A lissafinmu tsakiyar Rabi'ul Awwal ne, wata ɗaya muke ƙirgawa da su, suna ne ya bambanta. Na yanka wainar biyar, kowane yanki da ɗan rabonsa na gwaiduwa, na kira Zariya. Ƙarfe tara na dare a wurina, ƙarfe biyu na rana a wurinsu. Na nuna wa 'yata watan ta waya, ta ce, "Baba, namu bai fito ba." Na ce ta jira bayan magariba, yana tafe.

Na ci yanki ɗaya, na rufe huɗun. Washegari na kai su wajen dattijuwar ba tare da an gayyace ni ba. Ta ɗora ruwan shayi, ni kuma na karɓi butar na fara zuba mata.