Daren da na kwana a Magama ina kallon sama

1/ Agustan 2023 aka kira mu daga Maradi cewa kakata ba lafiya. Na kamo hanya daga Katsina, na iso Magama Jibia, na tarar boda a rufe saboda juyin mulkin Nijar. Tireloli jere, ba shiga ba fita. Nan na kwana a kan benci.

2/ An yi ruwa da yamma, gari ya washe, ba wuta. Wallahi ban taɓa ganin farin layin nan da ke ratsa sama ya fito haka ba. Shi ne Milki Wei, galaksinmu, wato garken taurarin da ranarmu ke ciki.

3/ Abin da malaminmu na fiziks ya koya mana ya faɗo mini. Garken nan ba haka ya tashi da girmansa ba, ƙanana ya riƙa haɗiyewa.

4/ In ƙaramin galaksi ya matso, ɓangarensa na kusa ya fi na nesa shan ja. Sai ya miƙe, taurarinsa su zube a kan hanyarsa kamar gero daga hujajjen buhu. Layin nan ake kira kogin taurari.

5/ A 1994 aka gano ƙaramin galaksin Sajitariyus a bayan tsakiyar namu, ana kan yayyaga shi. Koginsa ya zagaye Milki Wei. A 2018 kuma bayanan na'urar Gaia suka nuna wani da aka haɗiye wajen shekara biliyan 10 baya.

6/ Ya ake gane baƙin? Daga tafiyarsu da abin da ke jikinsu. Hanyarsu ɗaya, kuma yawanci ba su kai rana ƙarfe ba.

7/ A hostel "ɗan Nijar" ake ce min don ina cewa lakwal da kwas. A Maradi kuma ni ɗan Najeriya ne. Har gyara bakina na riƙa yi don kunya.

8/ Da asuba na samu layinta. Ta ce, "Angona, ba ka iso ba?" Na ce, "Hajiya, an rufe hanya." Ta yi dariya, wai ita da aka kai Innata Katsina ba wanda ya tambaye su takarda.

9/ Ba a buɗe ba sai Maris 2024. Kabarinta na tarar. Tun ranar na daina gyara bakina. Duk wanda ya karanto har nan, ya sa ta a addu'a. Allah Ya jiƙan namu da naku.