Kafin Ruwan Farko

A ganina, watan Afrilu ne lokacin hawa saman ɗaki. Rana tana ƙuna, amma damina ba ta sauka ba, magina da kafintoci kuma ba a fara rububinsu ba tukuna.

Mutanen cikin birnin Kano da Zariya masu gidajen ƙasa sun daɗe da sanin haka. Kafin hadari ya fara haɗuwa sai a sake yaɓe, a shafe soro da makuba, a share indararo. Indararon da ya toshe shi ke mayar da ruwa jikin katanga, ta yi ta sha a hankali har ta zube a watan Agusta, wani lokacin a kan mutane.

Rufin kwano ma haka yake. Ƙusa ɗaya ta saki, ruwa ya bi ramin, katako ya ruɓe, silin ya kumbura. Abin da ɗan kwalta da sabuwar ƙusa za su magance ya koma sayen katako da biyan kafinta.

Gidajen haya su suka fi damuna. Mai gida yana jiran ɗan haya ya gyara, ɗan haya yana cewa ba gidansa ba ne, matarsa kuwa tana jera robobi a tsakar ɗaki duk daren da aka yi ruwa.